Neman Termin a Jamus: sai ka riga zakara tashi

Ɗan'uwa, kalmar da za ka fara haddacewa a Jamus ita ce Termin, wato ranar da ofis ya tsayar maka ka zo. A nan ba a cewa "bari in leƙa in gani". Doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da ka tare a gida ka yi rajistar adireshinka, abin da suke kira Anmeldung, a Bürgeramt, ofishin rajistar mazauna gari. Sai da ita lambar harajinka za ta iso, kuma bankuna da yawa ba sa sauraron wanda bai yi ba.

To, a intanet ake kama ranar, kuma nan gizo ke saƙa. Ka buɗe kalanda ka tarar makonni a jere babu gurbi ko ɗaya. Idan Allah ya sa ɗaya ya ɓullo, kafin ka gama rubuta sunanka wani ya wafce. Kada ka zaci wayarka ce ta lalace. Guraben da mutane suka fasa su ne ke dawowa, galibi da safe, don haka daga sallar asuba kada ka koma barci. Riƙa sabunta shafin jefi-jefi. In ka matsa masa lamba yakan toshe ka na ɗan lokaci. A Berlin ba dole sai ofishin unguwarku ba, zaɓi duk birnin, ko da tafiyar awa guda ce a jirgin ƙasa. In shafin ya gagara, kira 115, lambar wayar hukuma.

Sunayenmu ma kan jawo rigima. Wani shafi ya taɓa ƙin karɓar sunan ƙanena saboda 'yar alamar da ke tsakiyar irin su Sa'idu da Mu'azu, bai kuma faɗi dalili ba, ja kawai ya yi. Mun kusa awa muna lalube. Duba layuka biyu na ƙasan fasfonka, ka kwafa yadda yake a can. Familienname shi ne abin da fasfo ya sa a gurbin sunan iyali, ko da a gida sunan mahaifinka ne. In kuma ta waya aka ce maka "halb neun", takwas da rabi ake nufi, ba tara da rabi ba. Wannan ta kayar da mutane da yawa.

Da ka samu, adana imel ɗin, domin lambar da ke ciki ce za ta fito a allon ɗakin jira. Ba a kiran suna. In ranar ta zarce kwana 14, imel ɗin ne shaidarka cewa ka nema a kan lokaci. Tafi da fasfo da takardar da mai gida ya sa wa hannu, Wohnungsgeberbestätigung. Yarjejeniyar haya ba ta maye gurbinta. Ka kuma liƙa sunanka a akwatin wasiƙa tun a ranar, in ba haka ba lambar harajin za ta koma inda ta fito.