Kurakuran da aka fi yi wajen bayanin juyin halitta

Babban kuskure, wanda sauran suke fitowa daga cikinsa, shi ne a ɗauka dabba ce ke sauya kanta don ta dace da inda take. Sai ka ji ana cewa raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya yana neman ganye har wuyan ya yi tsawo, 'ya'yansa suka gada. Wannan tunani na Lamarck ne, masani ɗan Faransa, tun 1809. Abin da Charles Darwin da Alfred Wallace suka kawo a 1858 daban ne: bambanci yana nan tun farko tsakanin 'ya'yan jinsi ɗaya, muhalli kuwa rariya ce kawai. Wanda halittarsa ta dace sai ya rayu ya hayayyafa, wanda ba ta dace ba zuriyarsa ta yi ta raguwa.

Dubi abin da ya faru a tsibirin Daphne Major, ɗaya daga tsibiran Galafagos da ke Tekun Pasifik. Da aka yi fari a 1977, ƙananan tsaba masu laushi da tsuntsaye ke ci suka ƙare, sai manya masu tauri. Peter da Rosemary Grant, masu nazarin tsuntsayen wurin, sun tarar yawancinsu sun mutu, waɗanda suka tsira kuwa galibi masu kaurin baki ne. Ba tsuntsun da ya ƙara wa bakinsa girma. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe daga baya ne suka zo da baki mai kauri, don iyayensu ne suka rage. Saboda haka in za ka yi bayani, ka ce garken ne ya sauya daga zuriya zuwa zuriya.

Wannan kuskure har asibiti yake bin mu, shi ya sa yake damuna. Mutum zai ce jikinsa ya saba da magani, alhali ƙwayoyin bakteriya ne maganin ya tace: ya kashe masu rauni, masu juriya suka samu fili suka yawaita.

Haka ma maganar cewa mai ƙarfi ne ke rayuwa. Ma'aunin shi ne wa ya fi barin zuriya a wannan muhalli. Wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya na iyayensa yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ƙwayar ta yawaita inda cutar take, duk da wahalar da wanda ya gaji biyu yake sha.

Sai tambayar nan: in daga biri mutum ya fito, me ya sa har yanzu akwai birai? Masana ba su ce mutum jikan birin yau ba ne. Cewa suka yi shi da cimfanzi, wani irin babban biri, sun haɗa kaka ɗaya da ya rayu kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kowanne ya kama nasa reshe. Kuma kada a auna dangantaka da ido, kama da wane ba wane ba ne. Dabbar nan kada ta fi kusa da tsuntsu a kan ƙadangare, jemage kuma duk da fikafikansa mai shayarwa ne.

Sabon jinsi kuwa ba ya ɓulla rana ɗaya. Yawanci wani shinge ne ke raba garke biyu, teku ko tsauni, kowanne ya yi ta tara nasa sauye-sauye har su kasa haihuwa da juna. Da ƙasar Fanama, a Amurka ta Tsakiya, ta taso ta raba teku biyu kimanin shekara miliyan 3 baya, jatan landen ɓangarorin biyu sun zama jinsuna daban. Wani lokaci rabuwar ba ta hana barbara: doki mai kuromosom (ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin jiki) 64 da jaki mai 62 suna haifar alfadari mai 63, amma da wuya ƙwarai alfadarin ya haihu.