Darasi na 9: Wankin Haƙora da Cire Turmin Ƙarshe

Babban mutum yana da haƙora 32. Huɗu daga ciki suna can ƙuryar baki, biyu sama, biyu ƙasa. Su ne ke fitowa daga ƙarshe, galibi tsakanin shekara 17 da 25. Wani nasa kan fito lafiya lau. Wani kuwa wuri kan yi masa kaɗan, sai turmin ya fito a karkace, ko ya tsaya rabi a cikin dasashi, abinci ya riƙa maƙalewa, wurin ya kumbura. Irin wannan ne likita kan ce a cire.

Wankin asibiti kuma daban yake da gogewar gida. Ku duba gindin haƙoranku na ƙasa ta ciki a madubi. Za ku iya ganin dauɗa ta daskare kamar dutse, ta yi ja idan kuna cin goro. Asuwaki da buroshi ba sa fitar da ita, sai likita ya kankare ta da na'ura.

To, wanne za a fara? Idan babu gaggawa, a fara da wanki, a bar dasashi ya huta kamar mako ɗaya, sannan a cire haƙorin. Dauɗar nan matattarar ƙwayoyin cuta ce, bai kamata a buɗe rauni kusa da ita ba. Amma idan kumatu ya kumbura, ga zazzaɓi, baki ba ya buɗuwa sosai, kada ku tsaya jiran wanki. Ku tafi sashen haƙori, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke nan Sakkwato. Masu ciwon suga, hawan jini, ko shan maganin tsinka jini su faɗa wa likita tun farko.

Idan an riga an cire, wanki sai ya jira. Jini kan daskare ya toshe ramin, shi ke kare ƙashin da ke ƙasa. In ya fice, bayan kwana biyu zuwa huɗu ciwo kan taso har cikin kunne. Saboda haka ranar farko kada a kurkure baki da ƙarfi, ko a wajen alwala, kada a yawaita tofi. A bar taba da goro da kunu mai zafi. Fura da nono ba laifi, a sha da ludayi. Washegari a fara kurkura a hankali da ruwan ɗumi, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya. Wanki kuwa sai bayan mako biyu ko fiye, idan likita ya duba ya ga wurin ya haɗe.

Aiki: An ba Malama ranar cire haƙori 20 ga wata. Ku rubuta ranar da ta dace ta je wanki, ku faɗi dalili.