Yadda Ake Bibiyar Illar Magungunan Feshi ga Kwaɗin da ke Kusa da Gonaki

Kuskuren da na fi gani a wurin masu fara wannan aiki shi ne su jira sai an yi feshi a gona, washegari su nufi bakin ruwa suna neman gawarwakin kwaɗi, idan ba su ga ko ɗaya ba sai su rubuta cewa maganin bai yi illa ba. Gawar ɗan kwaɗo ba ta daɗewa a ruwa, domin tsuntsaye da ƙwarin ruwa suna cinye ta, abin da ya rage kuma ya ruɓe ya nutse. Ban da haka, mafi yawan ɓarnar ba mutuwar nan take ba ce. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatar cikinsa yake tsotsa, da fatar yake yin wani sashe na numfashinsa, ƙwansa kuma ba shi da ɓawo, saboda haka duk abin da ya gangaro daga gona yana shiga jikinsa, ya yi ta aiki a hankali.

Abu na farko shi ne ka san ainihin abin da ake fesawa. Ka nemi manomi ya nuna maka robar maganin, ka rubuta sunan sinadarin da ke ciki, kada ka tsaya a kan sunan da kamfani ya ba shi, sannan ka tambayi ranar da yake shirin feshi. Kowane rukuni da irin alamarsa. Magungunan ƙwari irin su malatiyon da kabaril suna taɓa jijiyoyi, sai ka ga ɗan kwaɗo yana karkarwa, ko yana iyo a karkace, ko ya kwanta ko an taɓa ruwan ba ya gudu. A ɓangaren maganin ciyawa, Rick Relyea, wanda a lokacin yake Jami'ar Pittsburgh, ya nuna a 2005 cewa Roundup ya kashe kusan kashi 98 cikin 100 na 'ya'yan kwaɗin da ya gwada cikin mako uku, kuma abin da aka fi zargi shi ne sinadarin da ake haɗawa don maganin ya kama ganye. Atrazin kuwa ba da ido ake ganin aikinsa ba. Tyrone Hayes na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley ya ruwaito a 2002 cewa ɗan mitsitsin adadi yana birkita halittar gaɓoɓin haihuwar kwaɗi maza. Wasu masu bincike sun ja da sakamakonsa, amma ko ma dai yaya ne, kada ka sa ran gano wannan a bakin kududdufi.

Mataki na biyu shi ne wanda ni kaina na faɗi a kansa, shi ya sa zan daɗe a nan. Dole ka zaɓi kududdufi biyu aƙalla, ɗaya wanda ruwan gona ke gangarowa cikinsa, ɗaya wanda ba ya samun wannan ruwa, kuma dole ka fara ƙirga tun mako biyu ko uku kafin feshi. A shekarata ta farko kududdufi ɗaya na bi. Na ga 'ya'yan kwaɗi sun ragu matuƙa kwana goma bayan feshi, na tabbatar wa kaina cewa magani ne, sai daga baya na lura cewa mafi yawansu ƙafafu suka fitar suka haura tudu, kamar yadda suke yi kowace shekara. Damina guda ta tafi ba tare da na sami abin da zan iya tsayawa a kansa ba. Yawan 'ya'yan kwaɗi yana raguwa ko babu magani: mafarauta suna ci, ruwa yana janyewa, waɗansu suna girma su fita. Kududdufi na biyu ne zai nuna maka raguwar da ta zo ta hanyar da aka saba, abin da ya ɗara wannan shi ne abin tuhuma.

Zaɓen kududdufi na biyun ma sai da kula. Ya kasance sun yi kusa a girma da zurfi da yawan inuwa, kuma idan ɗaya yana da kifi, to, ɗayan ma ya kasance yana da shi, domin kifi kaɗai ya isa ya share 'ya'yan kwaɗi. Akwai wani dalili mai zurfi kuma: an gano a gwaji cewa kabaril ya ninka kisa sau biyu zuwa huɗu a lokacin da 'ya'yan kwaɗi suke jin ƙanshin mafarauci a cikin ruwan, ko da mafaraucin bai isa gare su ba. Tsoro da guba suna haɗa ƙarfi. Kada ka yarda da ido wajen sanin inda ruwa ke bi. Ka fita ana tsakiyar ruwan sama ka bi gangaren da ƙafarka, domin na sha ganin kududdufin da ake zaton ya kuɓuta alhali wani siririn kwari yana kawo masa ruwan gona ta baya. Wanda ya sami dama ya bi uku a kowane ɓangare, ya fi, sai dai aikin yana cin lokaci, kuma gara biyu da aka bi da kyau a kan shida da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Wajen ƙirgan kansa, ni ba na karɓar kowace hanya sai wannan: raga ɗaya, mutum ɗaya, lokaci ɗaya. Ka kafa turaku biyar a gefen ruwan, a kowane turke ka ja raga sau biyu da tsawon mita guda, ka juye abin da ka kamo a cikin farin kwano mai ruwan wurin. A kan farin kwano kome yana fitowa fili, za ka ga wutsiyar da ta lanƙwashe, da cikin da ya kumbura, da wanda yake juyawa a wuri ɗaya 'yan uwansa suna tserewa. Ka ƙirga, ka raba su gida uku, marasa ƙafa, masu ƙafafun baya, da masu ƙafa huɗu, ka ɗauki hoto da abin awo a gefe, ka mayar da su. Kada ka taɓa su da hannu, musamman idan akwai sabulu ko mai a fatarka. Da daddare kuma ka tsaya minti biyar kana sauraron kukan manya, ka naɗa a waya, ba sai ka sayi wata na'ura ba.

Bayan feshi ka koma a kwana na 1, na 4, na 8 da na 14, daga nan duk mako har su gama fita daga ruwa, kuma ka ƙara zuwa washegarin ruwan sama na farko, domin shi ne yake wanko maganin daga ƙasa. Kada ka tsaya a kwana huɗu. An gwada endosalfan, wani maganin ƙwari da aka sanya a 2011 cikin jerin Yarjejeniyar Stockholm, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan hana sinadarai masu guba da ke daɗewa a muhalli, aka ga 'ya'yan wasu nau'o'in kwaɗi sun tsallake kwana huɗu lafiya a cikin ruwa mai maganin, sai bayan an mayar da su ruwa mai tsabta suka yi ta mutuwa. Ka riƙa rubuta launin ruwan ma. Malatiyon ɗan kaɗan yana kashe ƙananan halittun da ke cin gansakukar da ke yawo cikin ruwa, sai ruwan ya koma kore shar, hasken rana ya kasa kaiwa ƙasa, gansakukar da ke manne a ƙasa wadda 'ya'yan kwaɗi suke kankara ta ragu. Maganin bai kashe su kai tsaye ba, amma girmansu ya yi jinkiri, ruwa ya ƙafe kafin su yi ƙafa.

Idan ka ci karo da kwaɗo mai ƙafa biyar ko guntuwar ƙafa, kada ka yi gaggawar yanke hukunci. A 1995 ɗalibai a jihar Minnesota ta Amurka sun tarar da irin waɗannan da yawa, bincike kuma ya nuna cewa a wurare da dama wata tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa take haddasa hakan, ko da yake magungunan feshi suna raunana garkuwar jiki har tsutsar ta fi samun shiga. Ka rubuta yawan katantanwa tare da hoton.

Gwajin ruwa a ɗakin bincike yana da tsada, don haka ka ɗebi samfuri a ranar ruwan sama na farko kawai, cikin kwalbar gilashi mai duhu, ka sanyaya, ka kai da wuri tare da sunan sinadarin. Ka fara da kududdufi mai tsabta kullum, ka wanke raga da takalma ka shanya su bushe kafin ka shiga wani ruwa, saboda cutar fatar kwaɗi tana bin kayan aiki. Abin da ka tara ka kai wa manomin kafin kowa, tare da roƙo uku: ya bar ciyawa tsakanin gona da ruwa, kada ya yi feshi hadari na haɗuwa, kuma kada ya wanke injin feshi a kududdufi.