Darasi na 9: Yi wa Amalanke Akwati a Ƙarƙashi

Duk wanda ya saba bin amalanken shanu ko na jaki zuwa gona da kasuwa ya san yadda ƙananan kaya ke rasa mazauni. Igiya tana danne ƙarƙashin buhu, gorar ruwa tana rataye tana lilo, an soke lauje a gefe, famfon taya kuwa an baro shi gida don ba inda za a sa shi. Amma durƙusa ka leƙa ƙarƙashin amalanken. Tsakanin katakon shimfiɗa da ƙasa akwai fili zaune, iska kaɗai ke ratsa shi. A wannan darasi za mu koyi yadda ake kafa akwati a wurin, kuma za mu yi amfani da awo da lissafin da muka koya a darussan baya.

Dabarar ba a ƙasarmu kaɗai ake yin ta ba. A Amurka, tun wajejen 1930, mutane suna ƙera wata 'yar tirela mai ɗakin kwana wadda ƙaramar mota ke ja idan za su yi 'yan kwanaki a daji. Da yawansu faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8 ne, daidai da falle ɗaya na filawud. Katifa ta cinye ɗakin duka, don haka masu su sukan yanke ƙasan ɗakin su rataya akwati a ƙarƙashin katifar. Matsalarsu da tamu ɗaya ce: wuri kaɗan, kaya da yawa, hanya kuma ba ta da tausayi.

Kafin ka taɓa zarto

Tsayar da amalanke a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ka kwance dabba, ka tokare sandar ja har shimfiɗar ta daidaita kamar yadda take idan ana tafiya. Sa dutse gaba da bayan kowace taya. Sannan ka shiga ƙarƙashi da tef ɗin awo, da alli, da littafinka.

Za ka ga dogayen ƙarafa biyu ko uku sun miƙe daga gaba zuwa baya, wasu gajeru kuma sun gicciye su. Waɗannan su ne ƙasusuwan amalanke. Za ka kuma ga ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu, wanda makanikai ke kira aksul. Ka riƙe wannan da kyau: katako ake yankewa, ƙarfe ba a taɓa shi. Ramin da ke tsakanin ƙarafan shi ne iyakar girman akwatinka. Na sha ganin wanda ya yanke ƙarfen gicciye ɗaya don akwati ya ƙara girma, kaka ɗaya bai yi ba shimfiɗar ta lotsa a tsakiya. Asarar ta fi ribar nesa ba kusa ba.

Auna ramin, ka rubuta tsawo da faɗi. Kafintocin Kano da Katsina sun fi aiki da inci da ƙafa, na Maraɗi da Damagaram da santimita. Tef ɗinka yana da duka biyun, ɗaya a kowane gefe. Inci ɗaya santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗori, ƙafa ɗaya kuma kusan santimita 30. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa, kuma ka gaya wa mai walda wanda ka zaɓa.

Zurfi nawa?

Nan mutane ke kwaɗayi. Suna ganin fili sai su so akwati mai zurfi kamar rumbu. Amma hanyar amalanke ba kwalta ba ce. Tayoyi suna bin kwari biyu, tsakiyar hanya ta yi tudu. Ga kututture, ga kunyoyin gona, ga gangaren rafi. Abin da ya fi kowa kusa da ƙasa shi zai fara cin karo.

Ƙa'idar ita ce gindin akwati ya zauna sama da aksul, da aƙalla tsawon tafin hannu. Idan aksul ya wuce wani abu lafiya, to akwati ma ya wuce.

Mu yi misali. A ce daga ƙasa zuwa ƙarƙashin katako santimita 70 ne, daga ƙasa zuwa saman aksul kuma 35. Idan ka yi akwati mai zurfin 25, gindinsa zai tsaya a 70 − 25 = 45. Ya fi aksul tsayi da 10. Ya yi. Idan amalankenka yana da sifirin, ka yi awon nan da kaya a kai, domin nauyi yana sauko da shimfiɗa ƙasa.

Kada ka raina zurfin 25. Akwati mai tsawon 60, faɗin 40, zurfin 25: 60 × 40 × 25 = 60,000. Raba da 1,000, ka sami lita 60. Ruwan jarka uku ke nan mai lita 20. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka da za a cika akwatin da ruwa, ya fi buhun siminti mai kilo 50 nauyi.

Hakkin dabba

Wannan sashe ya fi sauran muhimmanci a wurina, don wanda abin zai shafa ba ya magana.

Amalanke mai taya biyu kamar sikeli yake, aksul ne tsakiyarsa. Abin da ka ɗora a gaba yana danna karkiya a wuyan sa, ko sirdi a bayan jaki. Abin da ka ɗora a baya yana ɗaga sandar ja sama, har ka ga jaki yana tafiya majayin sirdi na neman ɗaga shi daga ƙasa a kan hawa. Buhu dai ana iya matsar da shi gaba ko baya idan an ga lodi bai daidaita ba. Akwati kuwa da zarar an kafa shi ya kafu, kullum nauyinsa yana nan, ko da amalanken ba komai a kai.

Ga lissafin, kuma ba shi da wuya. A ce akwati da kayansa kilo 30 ne, daga aksul zuwa karkiya kuma santimita 300. Idan ka kafa tsakiyar akwatin santimita 80 gaba da aksul: 30 × 80 = 2,400, raba da 300, ka sami 8. Kilo 8 ka ƙara wa wuyan shanunka. Idan ka matso da shi santimita 30 daga aksul: 30 × 30 = 900, raba da 300, saura kilo 3. Akwati ɗaya ne, kaya ɗaya ne, wurin zama kawai ya bambanta. Kilo 8 ba ya da yawa a hannu, amma ka tuna da tafiyar yini cikin rairayi, da zufa, da karkiya tana goga wuri ɗaya a gaban tozo. Haka miki yake farawa, kuma sa mai miki a wuya ba ya huɗa idan damina ta faɗi.

Saboda haka ramin da ya fi dacewa shi ne na farko a gaban aksul. Kada ka kai shi can baya. Masu tirelar mota ma haka suke yi: sukan bar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela a kan mahaɗarta da mota, don idan baya ya fi nauyi takan yi ta wutsil-wutsil a kan titi har ta kifar da motar.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ɗaga sandar ja da hannu kafin a yi aiki, ka ji nauyinta. Ɗora kayan da kake son ajiyewa a kan shimfiɗa, daidai inda akwatin zai zauna, ka sake ɗagawa. Hannunka zai gaya maka gaskiya.

Ta ina ƙofa za ta kasance?

Akwatina na farko murfinsa a sama na yi shi, cikin shimfiɗa. Wata Alhamis muna dawowa daga kasuwar Maigatari da buhunan gero takwas, taya ta sace ana dab da magariba. Famfo da gam da sifana duk suna cikin akwati, buhuna kuma suna kan murfi. Ni da ƙanena muka sauke buhu biyar, muka yi faci, muka sake lodi cikin duhu, shanu suna tsaye da ƙishirwa. Wani dattijo da ya tsaya ya riƙe mana tocila ya ce da ni, "Ɗana, abin da za ka nema a hanya, a gefe ake yi masa ƙofa." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, na gode." Sati bai zagayo ba na koma wurin mai walda.

To ka tambayi kanka tun yanzu: me zan sa a ciki? Idan kayan hanya ne, irin su famfo, sifana, jak, igiya, tocila da ruwan sha, a yi ƙofar a gefen akwati, ta fuskar da hannunka zai kai ba tare da taya ta tare ka ba. Wannan ma ya fi sauƙi, don ba sai an yanke katako ba sam. Idan kuwa kayan da sai an isa gona ake buƙata ne, ko abin da kake son ya ɓoyu daga idon mutane a kasuwa, murfin sama ya fi, don lodi da kansa ya zama makulli.

A wurin mai walda

Tafi da amalanken, kada ka tafi da takarda kaɗai. Ce masa ya yi maka firam da angil ayon, wato ƙarfe mai kusurwa, mai inci ɗaya da rabi, ya rataya shi a jikin ƙarafan gicciye. Na fi son bol da noti a kan walda, saboda ranar da za a gyara aksul sai a kwance akwatin kawai. Kowane bol a sa masa washa da noti biyu, don girgizar hanya tana kwance noti ɗaya. Kada a rataya akwati a jikin katako da ƙusa.

Jikin akwatin ana iya yin sa da fallen ƙarfe ko da filawud mai kaurin milimita 18. Idan filawud ne, a shafa masa fentin mai sau biyu ciki da waje, a fi ba bakin da aka yanka muhimmanci, don ta nan ruwa ke shiga ya kumbura shi.

Idan murfin sama za a yi, daga ƙarƙashi za ka huda katako a kusurwa huɗu, sannan ka hau sama ka haɗa hujin da alli, ka bi layin da zarto. Ta haka zarto ba zai ci karo da ƙarfe ba. Guntayen katakon da ka cire su ne murfinka: haɗa su da katako biyu a gicciye ta ƙasa. A bar wa murfin baki na santimita 3 a kowane gefe inda zai zauna, kuma ya yi daidai da shimfiɗa, kada ya ɗara. Mariƙin ƙarfe yana yaga buhu. Huda biyu da guntuwar igiya sun isa.

Lokacin walda a cire katakon da ke kusa da wuta, a ajiye bokitin ruwa. Kada a yarda a yi walda a jikin wili da taya a kai, zafi yana iya fasa ta ta kashe mutum. Idan fallen ƙarfen mai farin shafe ne irin na kwanon rufi, a yi aikin a fili, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Ruwa, ƙura da abin da ba a sawa

Yanka tsohon tiyub siriri ka manna shi kewaye da bakin ƙofa, zai rage ƙurar hunturu da feshin damina. Duk da haka ruwa sai ya sami hanya, musamman in kana ratsa rafi. A huda gindin akwatin wuri biyu, a toshe da guntun roba, idan ruwa ya shiga a zare ya tsiyaye.

Kada ka haɗa maganin feshi da abinci ko ruwan sha a akwati ɗaya, ko da an ɗaure bakin kwalbar. Kada ka sa fetur. Kada ka sa tukunyar gas: gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo a cikin akwati yake kwanciya yana jiran tartsatsi. Takin zamani kuma yana cin ƙarfe da tsatsa. A sa kwaɗo saboda yara. Idan amalanke ya daɗe a ajiye, buɗe ka duba da ido kafin ka zura hannu, kunama tana son wuri irin wannan.

Bayan sati ɗaya da fara aiki, shiga ƙarƙashi da sifana ka sake ɗaure kowane noti, ka kuma duba wuyan dabbarka.

Aikin gida

Auna amalankenka, ko na maƙwabci idan ba ka da shi, ka nemi izininsa tukuna. Rubuta lambobi biyar a littafinka: daga ƙasa zuwa katako, daga ƙasa zuwa saman aksul, tsawon ramin da ke gaban aksul, faɗinsa, sai daga aksul zuwa karkiya. Fitar da zurfin da ya dace da akwatinka, da lita nawa zai ci. Sannan ka rubuta jimla uku da hannunka kan kayan da za ka sa a ciki da gefen da za ka yi wa ƙofa. A zama na gaba kowa zai karanta nasa a gaban aji, mu lissafa tare kilo nawa zai hau wuyan dabba.