Yadda ake daidaita nauyin kan sandar jefa ƙwallo rami a wasan golf

Kafin a yanka ƙarfe, a fara tsayar da nauyi. Yawancin kawunan wannan sanda suna tsakanin giram 340 da 360. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana da nauyin kusan giram 7.9 a kowane dunƙule mai tsawo, faɗi da kauri santimita ɗaya-ɗaya, alminiyam 2.7, ƙarfen tangistin kuwa ya ninka wanda ba ya tsatsa nauyi fiye da sau biyu. Dabarar ita ce a rarake tsakiya, a kai nauyin da aka kwashe can gefe biyu, wato dunduniya (gefen da ke kusa da mai bugu) da hanci (gefen da ke nesa da shi). Haka Karsten Solheim ya yi wa sandar da ya ƙera mai suna Ping Anser a 1966. Duk giram ɗin da aka ninka nisansa daga tsakiya, ƙarfinsa na hana kai murɗewa yana ninkuwa sau huɗu, shi ya sa bugun da ya ɗan kauce ba ya karkatar da fuska, wato gefen da ke bugun ƙwallo, sosai.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wuya. Mai zane yakan raba nauyi daidai hagu da dama, ya manta cewa wuyan da ƙota za ta shiga yana zaune ta wajen dunduniya. Idan wuyan giram 25 ne, kuma yana milimita 40 daga tsakiya, ya ja cibiyar nauyi ke nan zuwa wajensa. Sai an ƙara kimanin giram 22 a milimita 45 ta wajen hanci kafin ta dawo. In ba haka ba, layin saiti da aka zana a tsakiya zai nuna wani wuri, cibiyar tana wani wuri, ƙwallo ta riƙa gazawa ba a san dalili ba.

A gwada da hannu, kada a dogara ga kwamfuta kaɗai. A ɗora kan a bakin wuƙa har ya tsaya cak, a ja layi, a juya shi a sake. Mahaɗar layukan ita ce cibiyar.

Bayan an ɗaura ƙota, a kwantar da sandar a kan yatsa ɗaya. Idan fuska ta kalli sama sosai, layin ƙota ya bi ta daidai cibiyar nauyi, wannan ya dace da mai bugu miƙe. Idan hanci ya rataya ƙasa, layin ya faɗi kusa da dunduniya, mai bugu da ɗan lanƙwasa zai fi jin daɗinsa. Babu wanda ya fi wani; abin da ba a so shi ne a samu ratayar da ba a nufa ba. Tsawon wuya da lanƙwasarsa ne ke sauya ta, milimita kaɗan sun isa.

Fuska ta jingina baya digiri 2 zuwa 4, domin ƙwallo takan ɗan nutse cikin ciyawa. Idan jinginar ta yi kaɗan ƙwallo za ta dunguri ƙasa ta yi tsalle, idan ta yi yawa za ta tashi sama kafin ta fara gangarawa.

Dokokin R&A da USGA, hukumomin da ke kula da wasan golf, sun ce kada faɗin kai daga dunduniya zuwa hanci ya wuce inci 7, kada tsayinsa ya wuce inci 2.5, kuma faɗin ya fi zurfinsa daga fuska zuwa baya. A bar ramuka biyu masu zare a ƙasan kai don ƙusoshin nauyi, a fara gwaji da ɓallin dalma giram biyu-biyu kafin a ɗaure na dindindin.