Ido ya raunana, kwarashi bai tsufa ba: kurakuran da na gaji da gani

Duk matar da ta zo wurina nan Shari Mansur a Makka tana kukan ido ya hana ta saƙa, kafin ta buɗe jaka na san abin da ke ciki: baƙin zare siriri da kwarashin ƙarfe milimita 1.5. Haba Hajiya! Wannan ko budurwa sai ta ƙanƙance ido.

Ni ma na sha wannan wuya shekarar da yanar ido ta fara rufe min idon dama. Na karɓi aikin huluna 12 gab da Hajji, duk baƙaƙe, ina yi bayan Isha'i ƙarƙashin ƙwan silin. Da safe na kai su bakin taga, sai ga ramuka, baki ya karkace kamar faifan da ya kwana a ruwa. Bakwai na warware ina hawaye, mai kaya ya ba wata aikin. Tun ranar na koma zare mai kauri, ruwan madara, da kwarashin katako milimita 5 ko 6, don ƙarfe ƙyalli yake yi. Ina shimfiɗa baƙin zane a cinya, fitila ta bayan kafaɗar hagu tunda da dama nake saƙa. Hula mai ƙananan ido na bar wa yara, ni da kayan jarirai.

Kuskure na biyu ya fi ƙona min rai: tabarau na bakin titi. Lamba 2 ta gaza ki sayi 3, ki ƙara tozali, kina cewa tsufa ne. Shekara biyu na ɓata haka, alhali aikin cire yanar ko awa guda bai ɗauka ba. Ni ma na yi sa'a yanar ido ce, ba hawan jinin ido ba. Hawan jinin ido ta gefe yake cin gani shiru, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Je ki a auna ki, balle in kina da suga, duk shekara.

Ƙirga saƙa da ido kuma ki daina, babban yatsa ya fi shi gaskiya. Kowane zagaye na gama, ƙwallon dabino ɗaya nake jefawa a kofi. Farkon zagaye ki ɗaura jan zare. Dunƙulen zare a kwano yake zama, almakashi kuwa a wuya nake rataya nawa, tun da na taɓa zama a kansa.