Yadda za ka gane aikin harajin lemo a jikin kwalba

Tun 2022 gwamnatin Najeriya ke karɓar naira 10 kan kowace lita ta lemon kwalba mai suga. To in ka ɗauki gora fara duba girmanta, 50cl harajinta naira 5 ne kacal, saboda haka in mai shago ya ƙara maka ɗari yace wai haraji ne kar ka yarda, tsadar dala da gas da kuɗin mota sun fi yawa a ciki. Sannan ka juya bayanta ka karanta yawan suga. A Ingila da aka fara nasu a 2018 kamfanoni da dama rage sugan suka yi don kaucewa biya, mu kuwa namu kan lita yake, rage zaƙi baya rage musu ko sisi.